Motar Farko a Alabar: Wa Zai Buɗe Mata Bonet?

Duk saurayin da ya tara kuɗin mota a unguwar Alabar ta Kumasi, kafin ya kai ga dillali sai ya ratsa tsakanin masu shawara kashi biyu. Dattawa, musamman waɗanda suka ci zamaninsu a kan sitiyari tsakanin Kumasi da Tamale da Bawku, za su ce masa ya nemi tsohuwar mota mai ƙarfe, wadda in ta mutu a daji direba zai fito da sifana da filaya ya tashe ta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. Sa'o'insa kuwa, masu tuƙin Bolt da masu shagon waya a Adum, cewa za su yi kada ya kuskura ya zuba guminsa a kan gwangwani, ya nemi 'yar yayi mai sanyi, mai shan mai kaɗan, wadda ranar da ya gaji da ita zai samu mai saye. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kowanne kuma akwai abin da yake tsallakewa. A nawa ganin, shekarar da aka ƙera mota ba ita ce kan magana ba. Kan maganar shi ne ko akwai hannu a garin nan da ya san cikinta, kuma ko aljihun mai ita zai iya kai shi wurin wannan hannun bayan ya gama biyan dillali.

Amanar da dattawanmu suka bai wa tsohuwar mota ba daga sama ta faɗo ba. Zangon Kumasi a kan sufuri ya tashi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, fataken goro da na shanu suka riƙa sauka nan. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, daga baya manyan motoci suka karɓe kayan da jakuna ke kaiwa arewa. Direban Bedford mai bodin katako da ya ɗauko goro ya san ba mai kawo masa ɗauki tsakanin Atebubu da Yeji, dole ya zama rabin makanike. Cikin shekarun 1930 ne kuma maƙera da masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da tsohuwar ma'ajiyar makaman Turawa, taron da daga baya ya koma Suame ya zama Magazin ɗin da muka sani, inda ake ƙiyasta masu neman abinci sun kai 200,000. Da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, aka rasa kuɗin waje na shigo da kayan gyara, Magazin ne ya riƙe ƙasar nan a kan taya: a yanka tsohuwar taya a fitar da bushin, a dasa injin wata mota a jikin wata, a feƙe ƙarfe ya zama noti. Jami'ar KNUST ma sai da ta buɗe cibiyar fasaha a cikin Magazin a 1980. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ka raba shi da imanin cewa motar kirki ita ce wadda guduma da walda za su iya cetowa.

Har gobe akwai abin kamawa a maganarsu. Opel Astra ta daɗe tana aikin tasi a Kumasi, Benz 207 ta daɗe tana aikin trotro, wato bas ɗin haya, ba don ba sa lalacewa ba, sai don duk abin da ya lalace a jikinsu akwai shi a Magazin cikin araha, kuma ko yaron shago ya san inda zai taɓa. Wannan darasin bai tsufa ba. Abin da ya shige wa dattawa duhu shi ne, motar da suke kwatantawa ta kusa ƙarewa a duniya. Tun farkon shekarun 1990 aka daina sa kafireto a motocin Amurka da Turai, kuma daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar gano cuta. Ke nan Corolla ta 2005, wadda yau muke kira tsohuwa, ita ma kwamfuta ce ke auna mata mai da iska. Wadda ta kai shekara talatin kuwa, ko injinta na da rai, robobinta sun bushe, wayoyinta sun sha ɗauri, ƙasanta ya ci tsatsa. Tsohon direba zai iya zama da ita, don daga ƙara yake gane abin da ke damunta. Sabon shiga, wanda bai san bambancin kukan bel da kukan boris ba, kowane wata sai ya kai wa wani kuɗin cefanensa.

Akwai kuma maganar rai, wadda ita ce ta fi damuna, ita ce kuma aka fi yi wa shiru a majalisa. Mutanenmu sukan ƙwanƙwasa jikin tsohuwar mota su ce ka ji ƙarfe, ta yanzu kuwa ko ɗan aboboya, mai babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya goge ta sai ta lotsa. Lotsawar da gangan aka yi ta. Ana ƙera gaban motar zamani ya murƙushe ya shanye bugu, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya yadda yake. A 2017 hukumar gwajin motoci ta Ostireliya da ake kira ANCAP ta haɗa Corolla ta 1998 da ta 2015 karo gaba da gaba, a gudun kilomita 64 cikin sa'a. Ta 1998 ba ta samu tauraro ko ɗaya ba, ɗakin direbanta ya rufta. Ta 2015 ta samu biyar. Kamfani ɗaya, suna ɗaya. A ƙasar da haɗarin mota ke cin sama da mutum 2,000 duk shekara, kuma hanyar Accra da ta Tamale yawancinsu mota da mota ne ke gittawa ba shinge a tsakani, wanda zai ɗauki mahaifiyarsa zuwa biki a Techiman bai kamata ya ɗauki wannan bambanci da wasa ba. Motocin da aka sayar a Amurka daga samfurin 2012 zuwa sama duk suna da na'urar da ke taka birkin ƙafa ɗaya da kanta idan mota ta fara santsi a kwana, abin da hannun direba komai ƙwarewarsa ba ya iyawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce samari sun yi nasara. Amma sai a tambaya: 'yar yayin da kuɗin saurayin Alabar zai iya saye, wace iri ce, kuma ta ina ta biyo?

Ƙalilan ne ke shiga shagon sabuwar mota, duk da cewa Volkswagen ta fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota a Tema a 2021, Nissan a 2022, ga kuma Kantanka ta gida. Sauranmu hom-yus muke hawa, wato motocin da aka yi amfani da su a waje aka shigo da su. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. In mota ta sauka Tema, kwastan ba ruwansu da abin da ka biya a gwanjo. Farashinta na asali suke dubawa, su rage wani kaso gwargwadon shekarunta, iyakarsa rabi, su lissafa da dala. In ta haura shekara 10 kuma akwai tarar tsufa, wadda ke farawa daga kashi 5, ta koma 20 bayan shekara 12, ta kai 50 bayan shekara 15. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka wuce shekara 10 baki ɗaya, amma dillalai suka tashi tsaye, aka dakatar da ita kafin ta fara aiki.

To duba inda wannan lissafi ke tura mai shigo da mota. Tsohuwa mai lafiya tana jawo tara. Sabuwa mai lafiya ta fi ƙarfin kasuwa. Abin da ya rage shi ne sabuwa mai rauni, wato wadda kamfanin inshora a Amurka ko Kanada ya ga gyaranta bai biya ba, ya tura ta gwanjon Copart ko IAA. Ita ake saye da araha, a kawo ta da karyayyen gaba, mai miƙe bodi ya miƙe, mai fenti ya fesa, ta fito tana ƙyalli a gefen titi. Ba duka ne abin gudu ba. Akwai wadda bamba da fitila kawai ta rasa, kuma masu miƙe bodi na Magazin gwanaye ne na gaske. Amma akwai wadda shasinta ya karkace, akwai wadda jakunkunan iskarta suka fashe aka toshe gurbinsu da soso, akwai kuma wadda ta kwana cikin ambaliya irin ta guguwar Harvey da ta cinye Houston a 2017.

Na ga wani fita, wato makanike, a Magazin yana duba wata farar mota da wani saurayi ya kawo tare da dillali. Bai ko tashi injin ba. Ya buɗe ƙofa, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, can kusa da gindi sai ga layin busasshen laka. Ya ɗaga kafet ya shinshina, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya fito da jan tsatsa a yatsunsa. Sannan ya murɗa makulli rabi, ya tsura wa fitilun gaban direba ido.

"Masta, ai ba fitilar da ke kunne in tana tafiya," in ji saurayin. "Na gwada ta tun daga Tafo."

"Ɗana, wadda ba ta kama ba nake nema. Fitilar jakar iska dole ta kama in ka murɗa makulli, ta yi ɗan jim, ta mutu da kanta. Wannan ba ta kama ba sam. An cire mata ido ne don kada ta yi magana."

Dillali ya fara rantsuwa, fita ya goge hannunsa ya ce shi dai abin da ya gani ke nan. Mai sayen goro ba ya tsayawa a saman huhu, sai ya zura hannu har ƙasa, kuma aikin da wannan mutum ya yi ke nan cikin ɗan lokaci, a kan kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Motar ruwa muguntarta ita ce ba ta nuna kanta ranar ciniki. Sai bayan watanni, tsatsa ta gama cin bakin wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a tsakiyar Kejetia, jibi ta tashi kamar ba abin da ya faru, kuma ba mai wayarin da zai iya ce maka ga ƙarshen abin.

Akwai binciken da saurayi zai yi da wayarsa tun kafin ya nemi fita. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. In ka rubuta ta a intanet, sau da yawa hotunan motar ranar gwanjo za su fito, ka ga raunin da idonka, ka ga abin da agogon tafiyarta ya nuna kafin wani ya mayar da shi baya. Da lambar ce kuma za ka duba, kyauta, a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko kamfani ya taɓa kiran motar gyara ba a kai ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka kira kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, sinadarin cikinsu yana lalacewa ne da zafi da laima, har in sun tashi buɗewa su watso ƙarfe a fuskar direba. Zafi da laima kuwa su ne yanayin Kumasi, kuma wasiƙar kiran gyara ba ta zuwa Alabar. Haka injinan wasu Hyundai Sonata na 2011 zuwa 2014 da aka kira saboda suna ƙamewa. Lambar nan ce kuma za ta taimaka maka ka kauce wa motar sata, domin hukumar EOCO mai binciken laifukan tattalin arziki ta sha ƙwace motocin da aka sato daga Amurka da Kanada, kuma wanda aka samu mota a hannunsa shi ke asara. Mai son Vitz kuma ya sani don kasuwar Japan aka yi ta, sitiyarinta a dama yake. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 4 ga Agustan 1974, don haka wadda ka gani da sitiyari a hagu, galibi juya shi aka yi a hanya. A sa wanda ya sani ya leƙa ƙarƙashi ya ga yadda aka yi aikin, musamman sandar sitiyari da bututun birki.

A ce ma an dace, an samu mai lafiya. A nan ne babbar asarar take farawa, kuma da hannunmu muke yin ta, domin motar zamani muke saye mu riƙe ta da tarbiyyar Bedford.

Abu na farko da ake yi wa hom-yus in ta iso shi ne a cire mata tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat ɗan ƙaramin murfi ne da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe. In aka cire shi, inji ba ya kai wannan zafin da wuri, kwamfuta sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Man ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, ragowar fetur ta wanke baƙin man da ke jikin silinda, inji ya tsufa da ƙuruciyarsa. Motar da ke zafi akwai dalilinta: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Cire tamostat ɓoye cutar ne kawai. Bayan haka sai a cika lagireto da ruwan famfo ko na leda. Ruwan sanyaya inji na gaskiya yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ya fi jure zafi kafin ya tafasa. Injin yanzu kansa na alminiyam ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi, daga nan sai gasket, sai sauke inji.

Baƙin mai ma haka. Mun gaji 20W-50 daga iyayenmu, mai kauri, muna ganin kaurin shi ne ƙarfi. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 a murfinsa yana da 'yan siraran hanyoyi da mai ke bi ya motsa na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul. Mai kauri ba ya isa can da sauri, musamman da safe. Lambar tana nan rubuce a kan murfi ko cikin littafin motar, ba sai an tambayi kowa ba. Giya kuwa ta fi ban tausayi. Yawancin ƙananan motocin da aka yi daga wajen 2014, har da Corolla ta Amurka, suna da giyar CVT, wadda ba haƙora ke aiki a cikinta ba, bel ne na ƙarfe tsakanin faifai biyu. Manta daban ne. In aka zuba mata jan man giya na otomatik da aka saba, bel ya fara zamewa, ba a daɗewa sai a nemi wani giyabos ɗin, kuma kaɗan ne a garin nan ke buɗe ta su gyara, sai dai a sauya ta ɗungurungum. Sai kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake fasawa a kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, wani lokaci tun mota ba ta bar hannun masu kawo ta ba, wani lokaci da sunan wai ta toshe. Sensa ta ga hayaƙi ya sauya, fitilar inji ta kama, sai a liƙe fitilar da baƙin salatif. Daga ranar mota ta rasa bakin da za ta gaya maka ciwonta na gaba, hayaƙin kuma 'ya'yanmu ne ke shaƙarsa a lungu.

Ba ina ɗora laifi a kan mastocin Magazin ba ne. Mutumin da ya koyi aiki a 1985 da kunne da hannu ya koya, kuma ya yi wa ƙasa hidima da su. Su kansu sun ga inda iska ta dosa, shi ya sa ƙungiyarsu ta SMIDO, wadda aka kafa a 2006, ta buɗe makarantar SMATI don koyar da gyaran motoci masu kwamfuta. Yau na'urar gano cuta ta yi araha, rumfuna da yawa suna da ita. Sai dai mallakar na'ura daban, iya karanta ta daban. Na'ura ba ta cewa ga abin da ya lalace, cewa take ga inda kwamfuta ta ji ba daidai ba. In ta ambaci sensar iska, mai yiwuwa sensar ce, mai yiwuwa ɓera ne ya ci waya, mai yiwuwa roba ce ta tsage iska ke shiga ta gefe. Mai rabin sani zai ce a sayo sensa, in ba ta yi ba a sayo koyil, in ba ta yi ba a ce birenbos ne, wato kwamfutar motar. Mai cikakken sani zai ɗauko mita ya bi wayar tukuna. Mai sabuwar mota ya lura da wannan tun zuwan farko: fitan da ya goge fitila ya ce an gama, ba tare da ya gaya maka dalilin kamawarta ba, bai gama ba.

Motocin da suka fi sabunta, masu ƙaramin inji da turbo, irin Civic mai 1.5 da ta fito daga 2016, suna da daɗin tuƙi da tsimin mai, amma ba su da haƙuri. Man ƙasar nan ya gyaru sosai tun 2017, lokacin da aka sauke farar wutar da aka yarda da ita a dizal daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. Duk da haka a ƙarshen 2023 masu motoci suka yi ta kukan fulogi na mutuwa, mota na shaƙewa, har hukumar man fetur ta NPA ta fito ta ce fetur ɗin da aka shigo da shi a lokacin yana ɗauke da manganis dab da iyakar da doka ta yarda, kuma masu turbo ne suka fi jin jiki. Mai mota biyu zai iya ajiye ɗaya ya jira. Mai motar farko, wanda wataƙila da ita yake neman na tuwo, ba shi da wannan sararin.

Ga kuma kuɗi. Duk abin da ke jikin mota da dala aka sayo shi. A Janairun 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14, litar fetur ta tashi daga ƙasa da sidi 7 ta doshi 18, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba. Wanda ya sayi mota a farkon shekarar da lissafin kayan gyara a kansa, kafin ƙarshenta lissafin ya ninka. A 2025 sidi ya farfaɗo, daga wajen 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan watanni, amma kowa ya san farashin kanti ya fi saurin hawa a kan sauka. A irin wannan kasuwa, fitilar gaba ta motar da ta cika gari za ka same ta hom-yus a shago goma ka yi ciniki. Ta motar da ba kowa ke da ita ba sai an aika Abossey Okai a Accra, ko a jira jirgi. Bashin banki kuwa, ko ba a zo ga maganar riba da addini ya hana ba, a ƙasar da babban banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 a 2023, abu ne da zai cinye mota da mai ita. Shi ya sa adashi da tsarin yi-aiki-ka-biya suka fi yawa a Zango. Wanda zai shiga na biyun ya tabbata an yanke farashi tun farko, an rubuta, an sa shaidu, an kuma fayyace wa ke da nauyin gyara in inji ya sauka kafin a gama biya, don a nan zumunci ya fi ɓaci.

Takardu ba su da wahalar fahimta, sakaci ne ke sa su zama masifa. A je hukumar rajistar motoci ta DVLA a mayar da mota sunan mai ita, kada a zauna da takardar wani shekara da shekaru. Takardar lafiyar mota duk shekara ce ga ta gida, duk wata shida ga ta haya. Inshora kuma tun 2020 ana iya tabbatar da ita ta waya da *920*57#, kafin a gane ta bogi ce ranar da aka buge wani.

Abin da masu lissafi a takarda ba sa sawa shi ne, motar farko a Zango ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita ce za ta kai mai naƙuda asibitin Manhyia ko Komfo Anokye da tsakar dare, ita ce za ta bi gawa maƙabartar Tafo, ita ce ta ɗaukar amarya, ita ce ƙanin abokinka zai zo aro. Wannan alheri ne, kuma ba na so mu rasa shi. Amma yana nufin mutum shida a motar mutum biyar, buhun shinkafa a but, da hanyoyin lungu masu kwata da rami. Gidajen Alabar kuma na haya ne da na gado, ba gareji, sai a kwana a bakin titi ko a biya mai gadi a gidan mai. Ga cunkoson Kejetia da kasuwa, inda mota ke wuni a giya ɗaya tsakanin 'yan pragya, masu keken haya mai ƙafa uku, da masu tura kaya, abin da ya fi doguwar tafiya gajiyar da inji da giya. In damina ta sauka kuma rafin Aboabo ya cika, mota mai ƙasa-ƙasa da wayoyi a ƙarƙashin kujera ba ta son ko ruwan da ya kai gwiwa.

Saboda haka in ɗan'uwana ya tambaye ni, ba zan tura shi ga motar kafireto ba, ba kuma zan tura shi ga mai turbo da aka miƙe jiya ba. Tsakiya zan nuna masa: inji daga 1.3 zuwa 1.8, ba turbo, giyar hannu ko otomatik ta gargajiya, irin wadda ta cika titi har masu kayan gyara sun haddace ta. Corolla ta Amurka daga 2010 zuwa 2013 misali ce mai kyau, don tana da na'urar hana santsi da jakunkunan iska, injinta sarƙa ke juya shi ba bel ba, giyarta kuma mai hawa huɗu ce da Magazin ya sani ciki da bai. Akwai takwarorinta a wasu kamfanonin. Gaskiya ne shigo da irinta yanzu yana jawo tarar tsufa, kuma wannan ne ya sa nake ganin mun raina motar da aka yi amfani da ita a nan gida fiye da kima. Muna gudunta muna cewa an gama da ita, mu rungumi wadda ba mu san komai a kanta ba don kawai daga jirgi ta sauko. Alhali a Zango tarihin mota ba ya ɓuya. An san Alhajin da ya hau ta, an san ko mai juye a kan lokaci ne, an san fitan da ke duba ta, ana iya zuwa a tambaye shi. Mota mai shekara goma sha biyu da aka san hannun da ya riƙe ta ta fi mai shekara biyar da ba a san ruwan da ta sha ba.

Kuma kada a kashe kuɗin duka. In abin da ke hannu kashi biyar ne, a sayi motar kashi huɗu, a riƙe ɗaya, domin makon farko akwai aiki ko da mai sayarwa ya rantse an yi: juyen baƙin mai da tacensa, man giya irin nata, man birki, ruwan lagireto na gaskiya, a mayar da tamostat in an cire. Sai taya, wadda ake yawan bari sai ƙarshe. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Dokar hanya ta 2012 ta hana ɗaura tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, kuma da yawa daga hom-yus ɗin da ake jerawa a bakin titi sun wuce haka, wasu ma na ƙasar ƙanƙara ne da ba a yi su don kwaltar Kintampo da tsakar rana ba.

Saura magana ɗaya ga iyayen da ke kai yara koyon aiki Magazin daga Alabar da Aboabo da Asawase. Mun saba ɗaukar gareji a matsayin mafakar yaron da boko ya ƙi. Motocin da ke sauka Tema yanzu sun rufe wannan ƙofar. Masu haɗa fetur da batir sun fara yawa a titi, gwamnati ma ta sanar da yafe kuɗin fito ga motocin haya masu lantarki a kasafin 2024, kuma batirin irin waɗannan yana ɗauke da wutar da za ta iya kashe wanda ya taɓa waya mai ruwan goro da bai sani ba. Yaron da zai ci abinci da wannan sana'a nan da shekara goma sai ya iya karanta zanen wayoyi da Turanci, ya iya lissafin mita. A bar shi ya gama sakandare ko makarantar fasaha tukuna, in an tashi kai shi kuma a duba rumfar: a ga ko mastan yana da na'ura, a ga ko yana barin yara su riƙe ta, ko kuwa wanke noti da sayo abinci za su yi shekara uku suna yi.